Kumburin Ciki da Taurin Bayan Gida: Abin da Ya Kamata Mu Sani Game da Magungunan Gargajiya

Da wuya a sami gida a cikinmu da ba a taɓa jiƙa tsamiya ko kanwa saboda ciki ba. Kumburin ciki da taurin bayan gida suna damun yaro da babba, amma kunya ba ta barin a yi maganarsu a fili. Mutum zai yi kwana biyar bai zaga ba, ba zai gaya wa kowa ba, sai ya biya tasha ya sayi ƙullin gari a hannun mai lasifika. Wani ya dace, wani kuwa ya ƙara wa kansa ciwo. In muka je gaishe da marasa lafiya a asibiti, mukan tarar da waɗanda suka yi kwanaki suna shan sassaƙe a gida, alhali abin da ke damunsu aikin tiyata yake bukata. Saboda haka muka ga ya dace mu tattara wannan bayani, domin mu san waɗanne itatuwa ne ke taimako, yadda suke aiki, da lokacin da ya kamata a ajiye su a nufi asibiti.

Mene ne taurin bayan gida, mene ne kumburin ciki?

Ba dole ba ne kowa ya zaga kullum. Wani yakan je sau 3 a rana, wani sau 3 a mako, dukansu kuma lafiyarsu ƙalau. Likitoci suna cewa ciki ya ɗaure in mutum yana zuwa ƙasa da sau 3 a mako, ko bayan gidan ya zama busasshe kamar na akuya, ko sai an yi nishi sosai kafin ya fita, ko kuma a tashi ana jin bai ƙare ba. Dalilin taurin shi ne, aikin babban hanji ne ya tsotse ruwa daga ragowar abinci. In ragowar ta daɗe a ciki, sai hanji ya yi ta tsotsewa har ta bushe.

Kumburin ciki kuwa shi ne a ji ciki ya cika tam, wani lokaci har ya fito a gani, da yawan gyatsa ko sakin iska. Iskar tana zuwa ta hanya biyu. Akwai wadda muke haɗiya wajen cin abinci da sauri ko shan lemon kwalba, akwai kuma wadda ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji suke fitarwa sa'ad da suke aiki a kan abincin da bai gama narkewa ba. Sau da yawa matsalolin biyu tare suke tafiya. In bayan gida ya taru, iska ba ta samun hanya, in kuwa ya fita, kumburin ma yakan sauka.

Abubuwan da ke kawo su

Kafin a nemi magani, ya kamata a nemi dalili. Abincinmu ya canja. Kakanninmu sun ci tuwon dawa da na gero da dusarsu, da miyar ganye, da 'ya'yan itacen daji. Yau a birane burodi, farar shinkafa, taliya da kayan fulawa ne suka cika kwano, kuma duk an cire musu dusa. Ga ƙarancin shan ruwa, musamman da hunturu sa'ad da ba a jin ƙishi, da bazara sa'ad da zufa ke kwashe ruwan jiki, da kuma kwanakin azumi. Ga zaman wuri ɗaya. Ga danne bayan gida saboda tafiya, ko saboda makewayin makaranta ko na kasuwa ba shi da tsabta.

Wasu magungunan asibiti ma suna ɗaure ciki, irin su tramadol, kodin, maganin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu, da wasu magungunan hawan jini. Juna biyu shi kansa yana rage saurin hanji, cin farar ƙasa kuma yana ƙara tsananta abin. Ta wajen kumburi, wake, albasa, tafarnuwa, kabeji da alkama suna sa iska ga mutane da yawa. Akwai manya masu yawa da cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara, ko da yake kindirmo yakan fi musu sauƙi. Tsutsar ciki da gyambon ciki su ma suna kawo kumburi, waɗannan kuwa sai da gwaji ake gane su.

Ba duk maganin ciki ne iri ɗaya ba

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka duk abin da aka kira maganin ciki aikinsa ɗaya. Itatuwan da muke amfani da su sun kasu gida huɗu: masu tausasa bayan gida, masu tura hanji da ƙarfi, masu rage iska, da masu ɗaure ciki. Wanda ya sha na huɗu alhali na farko yake bukata, ya ƙara wa kansa wahala.

Masu tausasa bayan gida

Waɗannan su ne mafi aminci, yawancinsu kuma abinci ne. Aikinsu yana zuwa daga abin da ake kira faiba, wato dusa da zare-zare da yauƙin da ke cikin hatsi, ganye da 'ya'yan itace, waɗanda ciki ba ya narkarwa. Faiba tana riƙe ruwa, sai bayan gida ya yi laushi ya kuma yi yawan da hanji zai ji daɗin turawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya sami aƙalla giram 25 na faiba a rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace.

Miyar kuka, kuɓewa, karkashi da lalo suna da yauƙin da ke yin wannan aiki. Kwaɗon zogale, rama da tafasa ma haka. Tsamiya tana sassauta ciki a hankali, ko a kunu ko a jiƙa ta a sha ruwan, sai dai tsaminta yakan tayar wa mai gyambon ciki ƙwannafi. Gwanda nunanniya, mangwaro, lemon zaƙi da ɓargonsa, dabino, aya, goruba da garin 'ya'yan kuka duk suna taimako. Ƙaro, wanda ake samu a jikin dakwara a Yobe da Borno da Jigawa, kuma Sudan da Chadi suke fitar da shi kasuwannin duniya, shi ma faiba ce mai narkewa a ruwa. A kantin magani ana samun garin ɓawon wani iri daga Indiya da ake kira isbagul. Yana cikin magungunan itatuwa da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu ga taurin bayan gida.

Sharuɗɗa biyu ne a nan. Na farko, a sha ruwa sosai, gama faiba ba tare da ruwa ba tana iya cushewa a hanji. Kowane cokali na isbagul ko hulba a bi shi da cikakken kofi na ruwa. Na biyu, a ƙara a hankali. Wanda ya saba da burodi da shayi, in ya koma wake da ganye rana ɗaya, kumburi zai ƙaru kafin ciki ya saba. Waɗannan ba sa aiki nan take, sukan ɗauki kwana 2 zuwa 3.

Masu tura hanji da ƙarfi

Shugabansu a ƙasarmu shi ne filasko, da ɗan'uwansa sanamaki da ake sayarwa a shagunan magani. A zamanin da ana ɗaukar ganyen sanamaki daga Sudan a bi da shi ta Kogin Nilu zuwa tashar Iskandariya, daga can a kai Turai. Har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ƙwayar senna da likita ke rubutawa daga wannan ganye ake yin ta. Sinadarin da ke cikinsa ba ya aiki sai ya isa babban hanji, inda yake sa hanjin ya matsa da ƙarfi ya kuma tara ruwa. Shi ya sa yake ɗaukar awa 6 zuwa 12, kuma aka fi shan sa da dare.

Filasko yana aiki, amma ba abin sha kullum ba ne. Babba ba ya bukatar fiye da giram 1 zuwa 2 na busasshen ganye, wato kimanin ƙaramin cokali, a zuba masa ruwan zafi a tace. Tafasa dunƙule guda a tukunya shi ke kawo murɗa da zawo mai galabaitarwa. Kada a wuce mako ɗaya ana sha ba tare da ganin likita ba. Yawan shan sa yana zubar da ruwan jiki da sinadarin fotasiyam, wanda zuciya ke bukata domin bugawa daidai. Mutum kuma yakan saba har ya ga ba ya iya zagawa sai ya sha. Kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba sai da izinin likita. In fitsari ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa bayan an sha, wannan launin ganyen ne kawai. Mu kuma lura, yawancin shayin rage ƙiba da na "wankin ciki" da ake tallatawa sanamaki ne a cikinsu. Ruwa suke zubarwa, kitse yana nan inda yake.

A wannan gida akwai waɗanda suka fi haɗari. Ruwan nan rawaya mai ɗaci da ke fita in an yanka ganyen alobera yana sa zawo mai tsanani. A shekarar 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta cire shi daga magungunan sassauta ciki da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Man zurma yana aiki da sauri da murɗa, yana kuma iya tayar da naƙuda. Ƙwayar zurma kanta guba ce. Haka 'ya'yan bini-da-zugu da muke shinge da shi, ƙwaya kaɗan ta isa ta sa yaro amai da gudawa har a kwantar da shi, don haka a ja wa yara kunne. 'Ya'yan rai-ɗore suna lalata hanta, a arewacin Indiya an sami yara da suka mutu bayan sun ci su. Saiwar malga ma mai ƙarfi ce, ba a kuma san ma'auninta ba.

Masu rage iska

Citta tana taimaka wa tumbi ya sauke abinci da wuri, tana kuma rage tashin zuciya. Ɗan yanki kamar kan babban yatsa a ruwan zafi bayan cin abinci ya isa. Na'ana'a tana sassauta jijiyoyin hanji, an kuma gwada manta a kan masu yawan kumburi da murɗar ciki an ga sauƙi, sai dai tana ƙara wa mai ƙwannafi damuwa. Kanumfari, kimba da masoro da muke sa wa a kunu da yaji suna ɗumama ciki, gwargwadon da ake sa wa abinci kuma ba shi da laifi. Tafarnuwa tana da nata amfani, amma ga mai kumburi sau da yawa ita ce ke ƙara iskar.

Dabarun girki ma magani ne. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa shi ya nuna luguf. A ci abinci a natse, a tauna sosai. A rage lemon kwalba da cingam. A ɗan taka na minti 10 ko 15 bayan cin abinci maimakon a kwanta.

Masu ɗaure ciki

Bagaruwa, ganyen gwaba, sabara da marke suna da bauri, baurin nan kuwa yana ƙanƙance hanji ya rage ruwan da ke cikinsa. Shi ya sa aka san su wajen tsayar da zawo. Mai taurin bayan gida ya nisance su. Wannan ya shafi masu basir ƙwarai, domin haɗe-haɗen maganin basir da yawa suna da irin waɗannan sassaƙe, alhali nishi a kan busasshen bayan gida yana cikin manyan abubuwan da ke kawo basir ɗin. Shayi mai kauri da aka bari ya daɗe a wuta shi ma yana da irin wannan bauri.

Batun kanwa

Kanwa ba itace ba ce, amma ita ce aka fi gaggawar jiƙawa in ciki ya kumbura. Tana kashe tsamin tumbi, a yi gyatsa a ji sauƙi na ɗan lokaci. Sai dai kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki ya kuma ɗaga jini. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a cikin mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Ɗan abin da ake jefawa a miya ko wake ba shi ne damuwa ba. Amma mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai juna biyu da mai jego kada su mai da jiƙon kanwa magani.

Na kwalba da na leda

Abin da muka tsinka a bayan gida mun san shi. Abin da aka haɗa a kwalba kuwa sai abin da aka gaya mana. A Najeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magungunan gargajiya rajista. Lambar da ke ƙarewa da harafin L tana nuna an duba maganin ta fuskar illa, ba ta nuna an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba. Shi ya sa ake buga sanarwa a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kafin mu saya, mu duba lamba, sunan mai yi da adireshinsa, jerin abin da ke ciki, ma'aunin sha da ranar lalacewa. Maganin da aka ce shi kaɗai yana warkar da basir, taifot, sanyi, ciwon suga da rashin haihuwa, a bar wa mai shi kayansa. Da yawa cikin ruwan ɗacin da ake sayarwa a ƙananan kwalabe da leda barasa ce aka jiƙa saiwoyi a ciki. Garin da aka shanya a ƙasa ko ya yi fumfuna kuma yana iya cutar da hanta.

Waɗanda za su yi hattara ta musamman

Mai juna biyu ta tsaya ga abinci, ruwa da tafiya. Ta guji man zurma, ruwan alobera, saiwar zogale, ɗanyar gwanda da yawan hulba. In maganin ƙarin jini ne ke ɗaure mata ciki, kada ta daina sha, ta gaya wa ma'aikatan awo su ba ta abin da ya dace.

Jariri ɗan ƙasa da wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Kada a yi masa ɗuren bauri ko jiƙo. Jaririn da ke shan nono zalla yakan yi kwanaki bai yi kashi ba, in dai yana tsotso, cikinsa da laushi, kashin kuma in ya zo da taushi, ba ciwo ba ne. Amma sabon haihuwa da ya kai awa 48 bai yi kashin farko ba, ko yana aman kore, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a ba yaro zuma kafin ya cika shekara 1, kada kuma a ɗura masa ruwan sabulu ko na ganye ta dubura.

Tsofaffi suna saurin bushewa in zawo ya kama su. Mai shan digoxin ko maganin sa fitsari ya nisanci filasko. Mai shan warfarin ya yi hankali da yawan citta da tafarnuwa. Mai ciwon suga ya sani hulba tana sauke suga, in ta haɗu da maganinsa tana iya saukewa fiye da kima. Mu riƙa gaya wa likita gaskiyar abin da muke sha a gida, mu ma tafi masa da kwalbar.

Alamun da ba a jira

In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a ajiye kowane jiƙo a tafi asibiti:

Ciki ya kumbura, ba bayan gida, ba ko iska, ga amai. Wannan alamar toshewa ko murɗewar hanji ce, maganin zawo kuwa yana iya fasa hanjin.
Ciwo mai tsanani da ba ya lafawa, musamman a ƙasan ciki ta dama, ko ciki ya yi tauri kamar katako bayan zazzaɓi na kwanaki.
Ƙaba da ta fito ta ƙi komawa, tana ciwo.
Jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi kamar kwalta ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini.
Rama ba dalili, rashin jini, ko canjin yanayin bayan gida da ya wuce mako 3, musamman ga wanda ya haura shekara 45.
Ciki yana girma a hankali tare da kumburin ƙafa ko idanu rawaya, gama wannan yakan zama ruwa ne daga ciwon hanta, zuciya ko ƙoda.
Mace da kumburi ya zame mata na kullum, tana saurin ƙoshi, ga ciwon mara.

Mai bi da maganin gargajiya

'Yan'uwa sukan tambaye mu ko ya dace mai bi ya sha sassaƙe. Ganye da saiwa halittar Allah ne, shan su kuma ba zunubi ba ne. Annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun Sarki Hezekiya, Luka kuma likita ne. Abin da muke ƙi shi ne maganin da aka haɗa da tsafi, yanka, kiran iskoki ko sharuɗɗan boka. Haka nan zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne, muna addu'a muna kuma neman magani. Mu da ke ziyarar marasa lafiya, dattawa, zumuntar mata da matasa, mu yi hankali da ba da shawarar abin da ya yi mana aiki, domin ciwon wani ba lallai irin namu ba ne. In muka tarar da ɗan'uwa da ɗaya daga cikin alamun da muka lissafa, taimakon da ya fi bukata shi ne a nemo abin hawa, in da hali ikkilisiya ta tallafa da kuɗin asibiti.

Matakan da za a bi

Ga babban da ba shi da alamun haɗari, a fara da ruwa, kofi 8 ko fiye a rana, har fitsari ya yi haske. A mayar da miyar yauƙi, ganye da 'ya'yan itace cikin abincin kullum, a bar wa hatsi dusarsa. A riƙa tafiya a ƙasa. A ware lokacin zagawa bayan karin kumallo, gama a lokacin ne hanji ya fi motsi, kuma in ya zo kada a danne. Tsugunno ya fi sauƙaƙa fita, mai masan zama ya ɗora ƙafafunsa a kan 'yar kujera. In an yi kwana 3 babu canji, a ƙara da tsamiya ko isbagul. In har yanzu shiru, a sha filasko kaɗan da dare na kwana 2 ko 3. In mako 2 suka wuce ana fama, ko matsalar tana tafiya tana dawowa, a je a ga likita a binciki dalili.